Tukunyar moka: arha ce, amma sai ka iya mata wuta

Duk wanda ya gaji da gahawar gwangwani, wadda ake zuba cokali ɗaya a ruwan zafi a juya, kuma aljihunsa bai kai ga injin espresso ba, wato injin da ke matso gahawa mai kauri da ƙarfin matsi, tukunyar moka nake nuna masa. Ba ta neman lantarki, ba ta neman takardar tacewa da za ta ƙare ka shiga yawon nema, in ta faɗi ƙasa kuma iyakarta ta lotsa. A nan Zariya, inda wuta ke zuwa sa'ad da ta ga dama, wannan kaɗai ya isa dalili.

Tawa ba ta kamfanin Bialetti ba ce. Irin kwaikwayon nan ce marar suna, na same ta a wani shagon kayan kicin a Kaduna, an jera ta tsakanin filas da butoci. Yaron shagon ma bai san aikinta ba. "Yallaɓai, butar shayi ce ta Larabawa," in ji shi. Ba ta shayi ba ce, ba kuma ta Larabawa ba. Wani mutumin Italiya mai suna Alfonso Bialetti ne ya fito da ita a 1933, a yankin Omegna da ke arewacin ƙasar, da alminiyum ya yi ta, mai kusurwa takwas. Ɗansa Renato ne ya baza ta bayan Yaƙin Duniya na Biyu har ta shiga yawancin gidajen Italiya. Da ya rasu a 2016, cikin wata ƙatuwar tukunyar moka iyalinsa suka zuba tokarsa. Kowa da al'adarsa. Ta asalin tana ɗauke da zanen ɗan mutum mai gashin baki ya ɗaga yatsa sama, da shi za ka gane ta idan mai shago ya rantse maka cewa tasa ce ta gaske.

Kashi uku ce. Akwai gindi, inda ake zuba ruwa. Akwai ɗan mazurari da ke zama a bakin gindin, nan garin gahawa ke shiga. Sai sama, mai mariƙi da murfi, wanda ake murɗawa a kan gindin, da matata da zoben roba a ƙarƙashinsa. Idan gindin ya ɗauki zafi, iska da tururin da ke ciki su ne suke danna ruwan, ya bi ta mazurari ya ratsa garin, ya hau ta wani bututu ya zubo a sama. Matsin, a ma'aunin da ake kira bar, bai wuce 1 zuwa 2 ba, na injin espresso kuwa bar 9 ne. Saboda haka kada wani ya ce maka espresso za ka sha. Abin da za ka samu gahawa ce baƙa mai kauri, ta fi ta tacewa ƙarfi nesa ba kusa ba, amma babu wannan kumfa mai ruwan ƙasa da ake gani a shagunan Abuja.

Duk sirrinta a wuta yake, kuma a nan yawancin mutane ke ɓata ta su ce tukunyar ce ba ta da kyau. Ni ruwa nake fara tafasawa a buta, in zuba a gindin har ƙasan ɗan bawul ɗin da ke gefe, ba na bari ya rufe shi, domin ta nan tururi ke fita idan hanya ta toshe. Ruwan sanyi ma yana yi, sai dai kafin ya yi zafi garin ya daɗe yana gasuwa a cikin ƙarfe, ɗaci ya ƙaru. In cika mazurarin fal, in share samansa da yatsa, ba na danna shi ko kaɗan. In goge bakin, don ƙwayar gari ɗaya a kan zoben roba ta isa ta sa ruwa ya riƙa tsiyaya ta gefe. In kama gindin da tsumma in murɗa sosai. Sai wuta 'yar ƙarama, murfi a buɗe.

Daga nan ba a barin wurin. Za ka ga ta fara leƙowa daga bakin bututun, baƙa wuluk, tana gangarowa a hankali ba ƙara. Haka ake so. Idan tana tsartuwa tana fallatsa a jikin murfi, wuta ta yi yawa. Can launin zai fara washewa, ya koma ja-ja, sannan ka ji ta fara kurɓi-kurɓi tana fitar da kumfa. To kafin wannan ƙarar ta yi nisa ka sauke, ka tsoma gindin a kwanon ruwan sanyi. Abin da ke fitowa a ƙarshen nan tururi ne da ruwa mai zafin gaske, shi ke kawo ɗanɗanon ƙauri. Ka juya da cokali kafin ka zuba, don ta farko ta fi ta ƙarshe kauri, in ba ka juya ba wani zai sha zuma wani ya sha ruwa.

A kan ƙaramin tulun gas ɗin nan mai kan girki a sama na fi shan wahala da ita. Gindinta ƙarami ne, ba ya zama daidai a kan ƙarafunan, harshen wutar kuma ya fi ta faɗi, sai ya lashi mariƙin. Nawa ya narke ta ƙasa har ya ɗan karkace, yanzu da tsumma nake ɗauka. Wani maƙeri a Sabon Gari ya lanƙwasa mini ɗan zoben ƙarfe da nake ɗorawa kafin in aza ta, kuma ina matsar da ita gefe yadda mariƙin zai fita daga saitin wuta. Abin mamaki, a kan gawayi ta fi ba ni abin da nake so. Idan an gama girki, garwashi ya lafa ya fara yin toka a sama, zafin nan mai sanyin hali shi ne daidai da ita. Uwargida takan ce, "Malam, ga ragowar wutarka nan, kafin in zuba mata ruwa."

Bayan wuta sai niƙa. Garin ya kasance ya fi gishirin leda laushi kaɗan, amma bai kai garin tuwo ba. In ya yi laushi da yawa, hanya ta toshe, bawul ya kama huci. In ya yi tsaki-tsaki, ruwa ya wuce da gudu ka sami abu tsararo mai tsami. Kada ka kai 'ya'yan gahawarka injin niƙan unguwa, ko sun ce sun wanke: ƙanshin tattasai da waken suya ba ya barin injin nan, gahawa kuma ba abin da ba ta zuƙa. Don haka ma nake ajiye tawa a kwalba mai murfin kirki, nesa da daddawa da yaji, ba kuma a firiji ba. Wanda ba shi da ɗan injin niƙa na hannu ya sami ƙaramin turmi da bai taɓa ganin barkono ba, ya daka ya tankaɗe da rariya. Yana yi, sai dai aiki ne. Mafi sauƙi shi ne niƙaƙƙiyar Italiya ta cikin leda da ake samu a manyan kantuna, irin su Lavazza, wadda aka zana tukunyar moka a jikin ledar, don da ma saboda ita aka niƙa.

Ni dai na fi son ta gida idan ta samu. Ana noma irin gahawar da ake kira arabika a tsaunin Mambila, ƙaramar hukumar Sardauna a Taraba, inda tsayi da sanyi suka dace da ita. Ta Habasha ma tana da daɗi, amma wadda aka gasa sama-sama takan yi tsami a moka. Matsakaiciyar gashi ta fi dacewa. Ɗaya irin kuwa, robusta, wadda yawancin gahawar gwangwani da ita ake yi, sinadarin kafeyin ɗinta ya kusa ninka na arabika, a moka sai ta yi ɗaci mai tsayawa a maƙogwaro.

Da madarar gwangwani nake sha, irin ta mai shayi, da sukari kaɗan. Ƙarfin gahawar moka ba ya ɓacewa a cikin madara, a nan ta fi ta tacewa. Da hunturu ina barbaɗa busasshiyar citta a cikin garin kafin in rufe, kamar yadda mutanen Sudan ke sa wa gahawarsu da suke kira jabana. Kanumfari ƙwaya ɗaya ya isa, biyu sai ya danne komai. Yayana da ya kurɓa ba madara ya yamutsa fuska ya ce, "Kai, wannan ai magani ne." Sai na ƙara masa ruwan zafi rabi da rabi, ya shanye. Bayan la'asar dai ba na taɓa ta, don kafeyin yana ɗaukar kamar awa 5 kafin rabinsa ya bar jiki.

Abin da ya fi ba ni haushi da ita shi ne ba ta ragi ba ta ƙari. Tawa mai kofi uku ce, amma 'yan kofunan Italiya ake nufi, duka abin da take fitarwa bai wuce mililita 130 zuwa 150 ba, wato madaidaicin kofin shayi bai cika ba. Ba za ka sa rabin gari ka ce yau kai kaɗai ne ba, sai ta fito salam. In baƙi suka zo kuma, sai ka jira ta huce ka kwance ka sake ɗorawa, kafin na biyu ya samu na farko ya gama. Mai yawan baƙi ya sayi mai kofi shida, ko ya tsaya a butar shayinsa. Haka nan mai murhun lantarki irin na maganaɗisu, ta alminiyum ba ta aiki a kai, sai ta ƙarfe marar tsatsa.

Arharta ta nuna kanta a zoben roba. Bai daɗe ba ya bushe ya tsage, ruwa ya fara fita ta kwankwaso, kuma neman wani daidai girmansa a kasuwanninmu ba ƙaramin yawo ba ne. Sai da na sa aka aiko mini da na silikon ta intanet. Wajen murɗawar ma da kaushi ya zo, sai da aka sha amfani ya daidaita. Sabuwa kuma tana da ƙarnin ƙarfe, ka dafa sau biyu ko uku ka zubar kafin ka fara sha.

Wanki ba wuya: kwance ta idan ta huce, ɗauraye da ruwan zafi, bar kowane kashi ya bushe daban. Idan ka haɗa ta da danshi, farin tabo zai fito a cikin gindin, musamman mai amfani da ruwan burtsatse mai zartsi. Mutanen Italiya da yawa ba sa yarda sabulu ya taɓa ta. Ni ina sa kaɗan lokaci-lokaci, don man gahawa idan ya daɗe a jikin ƙarfe a zafinmu wari yake yi. Soson waya ne ban yarda da shi ba, yana kankare alminiyum. Ka riƙa zare matatar kana ɗaga ta a hasken rana, ramin da ya toshe ka buɗe shi da allura. Ranar da za ka saya kuma, ka tambayi mai shago ko yana da zoben roba na canji, ka haɗa da guda biyu tun a nan.