Gargaɗi ga masu kiwo: hattara da mai tallar "tumakin madara na Turai"

Assalamu alaikum 'yan uwa masu kiwo. Abin da ya same ni zan faɗa muku, don har yau mutumin nan yana talla a Facebook da WhatsApp, sunan shafi kawai yake canzawa.

Bidiyo ya fara turo min: fararen tumaki a jere, inji yana tatsarsu. Ya ce East Friesian ne daga Jamus, kowace tana ba da lita biyar a rana, kuma akwai kamfanin cuku da zai riƙa sayen madarar. "Hajiya, saura shida, ki sa kafin alƙalami tun ba a kwashe ba." Na ɗauki kuɗin adashina na tura rabi. Bayan kwana biyu ya ce an tsare motar a hanya sai an biya kuɗin takarda. Na ƙara.

Dab da magariba aka sauke min tumaki uku, direba yana ta sauri. Na ce ina gashin da na gani a bidiyo? Aka ce an yi musu aski saboda zafi. Hantsarsu kuwa ta cika tam, suna tafiya suna ware ƙafafu, ganin haka na cika kuɗi. Washegari na tatsi madara mai ɗan auki. A kwana na uku da ƙyar kowace ta cika kofin shayi, ɗaya ma hantsarta ta ɗau zafi, madarar na fita da gudaji.

Likitan dabbobi da na kira ya buɗe bakinsu, haƙora duk sun cinye. Ya ɗaga wutsiya ya duba, ya ce, "Hajiya, tsofaffin tumakinmu ne na gida. An raba su da 'ya'yansu ne, aka bar su ba tatsa don hantsa ta kumbura." Wallahi ranar ban iya cin abinci ba.

Shi ya yi min bayanin da ya kamata in nema tun farko. East Friesian ta gaskiya ulu ne a jikinta, ba irin gashin tumakinmu ba, ba ta da ƙaho, wutsiyarta siririya ce ba ulu, kamar ta ɓera. Asalinta yankin Friesland ne, arewacin Jamus da Holan, ƙasar sanyi, kuma ba ta jure zafi. Ko a can, inda take samun abinci da kulawa, in aka raba madarar da take bayarwa a tsawon watannin tatsa, ba ta kai lita biyar kullum. Akwai kuma wasu irin tumakin madara: Lacaune ta kudancin Faransa ce, da madararta ake cukun Roquefort. Awassi ta su Siriya da Iraƙi ita ce mai jure zafi, ana gane ta da jan kai da wutsiya mai tarin kitse. Sannan ba a shigo da dabba mai rai Najeriya sai da takardar izinin gwamnati. Duk mai cewa daga waje ya kawo, ya nuna takardar.

Kada ku tura ko sisi kan bidiyo. Ku je garken da ƙafarku tare da likita, ku tatsa da hannunku safe da yamma, kwana biyu a jere. In mai sayarwa ya ƙi, ku kama gabanku. Mai son kiwon madara da gaske ya nemi shawara a cibiyar binciken kiwon dabbobi ta NAPRI da ke Shika, Zariya. Balami da Uda da 'Yankasa tumakin kirki ne, amma na nama ne da layya, madararsu ta 'ya'yansu ce.

Na kai ƙara wurin 'yan sanda, na sanar da banki. Layinsa a kashe yake tun ranar. Makon jiya na sake ganin bidiyon nan a wani sabon shafi, yanzu Awassi yake kiransu, kuma har mutane sun fara tambayar farashi a ƙasa. Don Allah wanda ya ci karo da shi ya kai rahoton shafin, ya kuma tura wannan ga masu kiwon da ya sani.