Tafiyar Dada daga Lawanti zuwa Abuja: abin da muka gani a jirgin nan

Sati biyar ke nan da dawowarmu, sai yau na samu natsuwar da zan zauna in rubuta. Ba zan kama sunan kamfanin ba. Kuɗin tikitin Abuja kuwa duk mai tashi daga Gombe ya san inda ya kai, ba sai na faɗa ba.

Mahaifiyarmu, Dada, mai jiki ce. Tun muna yara haka muka san ta, amma tun da gwiwoyinta suka fara ciwo ta rage zirga-zirga, jikin ya ƙaru sosai, ga ciwon suga ya zo ya haɗu. Aka ba ta ranar ganin likitan ƙashi a Abuja. Hamma, babban wanmu da ke aiki can, ya ce ba za ta bi mota ba. Alkaleri, Bauchi, Jos, a gangara Hawan Kibo, Akwanga, Keffi, yini guda ƙafa a lanƙwashe, mace mai irin wannan gwiwa. Jirgi kuwa kusan awa ɗaya ne. Ya turo kuɗi, aka ce ni zan raka ta.

Na san jikin mahaifiyata, don haka ban jira ranar tafiya ba. Kwana uku kafin nan na shiga shafin kamfanin da niyyar in saya mata kujera biyu. Shafin ya ƙi, ba ya karɓar suna ɗaya sau biyu. Na buga lambarsu, da ƙyar aka ɗauka. Na yi wa matar bayani dalla-dalla, na ce a shirye muke mu biya. Ta ce in dakata, ta tambayi wani a gefenta, ta dawo ta ce mu zo filin jirgi da wuri, za a duba. Wannan "za a duba" ita ce duk tsarin da suke da shi.

Mun bar Jekadafari da sassafe muka kama hanyar Bauchi zuwa Lawanti, inda filin jirgin Gombe yake. Yaron da muka samu a wurin awon kaya, tsakani da Allah, ɗan albarka ne. Ya gaida Dada har da rusunawa, ya ce jirgi ya kusa cika, babu kujerar sayarwa, amma zai ba mu layin da ya fi sarari don ta miƙe ƙafa. Muka yi godiya. Ba mu san layin ƙofar gaggawa ya ba mu ba, kuma ina ganin shi ma bai san abin da zai biyo baya ba. Jirgin ya zo a kan lokaci, wannan zan ba su. Dada ta hau matakala a hankali, tana hutawa bayan kowane taki uku, ina riƙe da jakarta da sandarta, ba wanda ya matsa mana.

Jirgin irin mai kujeru uku ta dama uku ta hagu ne. Faɗin kujerar talakawa a irin waɗannan jirage kusan inci 17 ne zuwa 18, wato santimita 43 zuwa 46. Wanda bai gane ba ya ɗauki tef ɗin tela ya auna hakan a kan tabarma, ya ga ɗan wurin da ake so babban mutum ya shige. Dada ta shiga ta gefe, ta zauna, hannun kujera ya nutse mata a ƙugu ta kowane ɓangare. A layin ƙofar nan hannun ba ya ɗagawa, a kafe yake. Ba ta ce komai ba. Ta jawo bel, ta ja, ta sake ja, saura kamar taƙi ɗaya ya haɗu. Sai ta ɗora gyalenta a kai ta rufe, ta riƙe bakin bel ɗin da hannu ta ƙarƙashi don a ɗauka ta ɗaura. Ina kallon yatsunta suna rawa. Na ce, "Dada, ku bari in yi wa ma'aikaciyar magana a hankali, suna da ƙari da ake jonawa." Ta ce, "A'a, 'yar nan, kar ki tara mini jama'a."

Ban kai ga tashi ba ma'aikaciyar ta iso tana duba bel. Ta sa hannu ta ɗaga gyalen mahaifiyata ba sallama ba neman izini. Sannan daga tsakiyar jirgi ta ɗaga murya da Turanci ta kira abokiyar aikinta da ke can gaba, wai ta kawo ƙarin bel, na wannan mamar bai kai ba. Jirgi ya yi tsit. Kawuna suka juyo layi bayan layi. Dada ba ta jin Turanci sosai, amma ba ta buƙatar tafinta, idanun mutane sun gaya mata komai.

Da aka kawo, sai kuma ta ce ai mai amfani da ƙarin bel ba ya zama a layin ƙofar gaggawa, dole mu tashi. Daga baya na bincika, gaskiyarta ce, yawancin kamfanoni haka dokarsu take: wanda ke bakin ƙofar nan shi ake sa ran zai buɗe ta da sauri in wani abu ya faru, kuma dogon bel zai iya harɗe ƙafar masu fita. Ban yi jayayya da dokar ba, ko yau ba na yi. Abin da nake tambaya, me ya hana kamfanin ya sanar da nasa ma'aikacin na ƙasa, da ya ga Dada da idonsa ya kuma ba ta wurin? Kuskurensu ne, amma ita aka sa ta biya. Sai da na kama ta hannu biyu na ciro ta daga cikin kujerar, zanenta ya maƙale, ta tsaya a tsakiyar hanya tana gyarawa, mutum sama da ɗari suna kallo. Mace mai jikoki goma sha ɗaya, wadda ko a gida ba ta cin abinci gaban surukanta.

Aka kai mu can baya. Kujerun da suka rage ba a jere suke ba, aka ba ta ta tsakiya, ni aka nuna mini wata layi biyu gaba. Mutumin da ke bakin hanya, wani magidanci da farar shadda, ya miƙe ya ba ta hanya, amma da ta zauna kafaɗarta da cinyarta suka shiga wurinsa, sai ya ce da ƙarfi, da Hausa, "Haba, ni ma fa kuɗi na biya. Ya za a yi in zauna a haka?" Ma'aikaciyar ta ɗaga kafaɗa ta ce jirgi ya cika, ta wuce abinta. Na hango wani saurayi ya ɗaga waya. Ban sani ba ko hoto yake ɗauka, har yau in na tuna sai gabana ya faɗi, nakan shiga Facebook da TikTok ina dubawa da fargaba.

A lokacin na ji haushin magidancin nan kamar in yi kuka. Yanzu da na huce, ban ga laifinsa sosai ba. Kujera guda ya saya, rabi ya samu. Ya dai yi rashin tausasa harshe ga sa'ar yayarsa. Amma wanda ya karɓi kuɗinsa ya karɓi namu, ya haɗa su a wuri ɗaya ya juya baya, shi ne mai laifi.

Wata yarinya mai kayan bautar ƙasa ce ta fitar da mu. Tana bakin taga, ta miƙe ba wanda ya roƙe ta, ta ce in zo in zauna kusa da mamana, ita za ta koma tawa. Muka mai da Dada bakin taga, na shiga tsakiya, na ɗaga hannun kujerar da ke tsakaninmu, na takure na ba ta rabin wurina. Allah ya yi wa yarinyar nan albarka, ya ba ta masu yi mata. Ko sunanta ban tambaya ba.

Har muka sauka Dada fuskarta na jikin taga, ta ja gyale ta rufe rabi. Teburin gabanta bai sauka ba, ya tokare. Aka kawo ruwa ta ƙi karɓa. Sai a gidan Hamma na gane tun asuba ba ta sha komai ba, don kar fitsari ya kama ta ta shiga ɗan banɗakin jirgi da ta ji labarinsa. Mai ciwon suga! Da dare ina shafa mata man zafi a gwiwa na ga shatin hannun kujerar farko a ƙugunta, ya yi baƙi ta gefe biyu, ɗan zaman da bai kai minti goma ba. Ta ce kar in gaya wa Hamma. Na gaya masa.

Ranar dawowa kuwa, dole in faɗi alheri inda aka yi shi. Hamma ya bi ta wani ejan ya saya mata kujera ta biyu. Muna shiga, wata ma'aikaciya daban, 'yar siririya, ta dubi Dada sau ɗaya ta ce, "Sannu Mama." Bayan mun zauna ta zo ta durƙusa a gefenta kamar mai gaisuwa, ta zura mata ƙarin bel a naɗe cikin tafin hannu, ta taya ta jonawa a ƙarƙashin gyale, ta miƙe. Ko na bayanmu bai san an yi ba. Da za a sauka ta ce mu jira kowa ya fita, ta riƙe mata sanda har ƙasan matakala. Dada ta yi ta sa mata albarka har da Fulatanci. A hanyar gida na ce a raina to, ashe ba duka aka taru aka zama ɗaya ba, in zan ba da maki zan ba su uku cikin biyar.

Amma da na zauna na tuna yadda aka yi da kujerar biyun, makin nan ya zube. Kujerar da Hamma ya biya cikakken kuɗi, a katin shiga jirgi sai muka ga an jefa ta layi goma sha biyu nesa da ta Dada. Mutum ɗaya, jiki ɗaya, kujera a gaba kujera a baya. A wurin awon kaya aka ce kwamfuta ce ta raba, ba za a iya canzawa ba. Ma'aikaciyar nan 'yar siririya ce ta roƙi wani fasinja ya matsa. Kuma jirgin ranar ko rabi da kwata bai cika ba, layuka a baya babu kowa, wato da ba mu biya ba ma za ta samu wuri. Na rubuta musu ina neman a mai da kuɗin, na kuma ba da labarin abin da ya faru ranar tafiya. Amsa ɗaya ta zo, irin wadda ake tura wa kowa, wai sun gode da na zaɓe su. Na sake rubutawa sau biyu, shiru.

Abin da ya fi ci mini rai, ba wani sabon abu ba ne a duniya da za a ce ya zo musu ba shiri. A Kanada tun 2008 hukumar sufurinsu ta yanke cewa a tafiyar cikin gida, wanda ƙiba ta kai shi ga nakasa a ba shi kujera ta biyu ba ƙarin kuɗi, da shaidar likita. Air France na rage kashi 25 cikin ɗari a kujera ta biyu, in kuma jirgi bai cika ba su mai da kuɗin. Ni ban ma ce a yi mana kyauta ba. A rubuta doka a fili: in hannun kujera ba zai sauka ba ga abin yi, ga inda za a latsa a sayi ta biyu, ga tabbacin za su zo a jere. Jakar Dada sun auna ta har kilo, sun san kuɗin kowane kilo da ya hau. Ita mai jakar ce ba su tanadar wa komai ba.

Ko nan tashar mota an fi su tsari. Shekara da shekaru in Dada za ta Bauchi ko Kumo, mu ce wa ɗan kamasho kujera biyu, ya karɓi kuɗi, ya ba ta gaba ko bakin ƙofa, shi ke nan. Ba mai ɗaga murya, ba mai juyowa. Direba ma cewa yake, "Hajiya, kin zauna daidai?" Kuma mutanenmu masu jiki ba kaɗan ba ne, iyayenmu mata da ke zuwa Umara da Hajji, masu zuwa asibiti. Nawa ne cikinsu suka rufe bel da gyale suka yi shiru, jirgi ya tashi da su ba a ɗaure ba? Da ma'aikaciyar ba ta duba ba, haka Dada za ta tafi, kuma wannan haɗari ne na gaske in jirgi ya shiga gargada.

Wanda zai raka mai jiki, ya nemi bakin taga ko bakin hanya a layin da hannun kujera ke ɗagawa, ya guji layin ƙofar gaggawa da layin farko, kuma tun a bakin ƙofar shiga ya raɗa wa ma'aikaciya maganar ƙarin bel kafin a zauna. Ni ban san wannan ba sai da aka yi mana. Hukumar NCAA mai kula da sufurin jiragen sama a Najeriya tana da sashen kare haƙƙin fasinja, na haɗa tikitoci da saƙonnin da na tura, can zan kai ƙara satin nan.

Likita ya ce ta koma bayan wata uku. Hamma ya kira ya ce zai sake sayen kujera biyu, a wani kamfanin. Dada ta karɓi wayar ta ce, "Babana, ka bar kuɗinka. A nemo mini mota, in mun gaji mu kwana a Jos." Ya yi ta lallashi, ta ce ta gama magana. Jiya na je tasha na yi ciniki da wani direba mai Sharon, zai cire kujerar tsakiya ya shimfiɗa mata katifa.