Wuƙaƙen baƙin ƙarfe huɗu da nake aikin nama da su

Fawa gadonmu ce, kuma duk wanda yake fiɗa, yake yanka naman tsire, ya san rabin wahalar aikin a bakin wuƙa take. Wuƙaƙen silba masu araha da suka cika kasuwa ba sa tsatsa, haka ne, amma in sun dakushe sai ka yi ta goga su a dutse, bakin yana lanƙwashewa ya ƙi tsayawa. Shi ya sa hannuna ya zauna a kan baƙin ƙarfe, mai tsatsa in an bar shi da laima. Abin da nake nema ga wuƙa ɗaya ne: in kaifinta ya tafi, ya dawo da wuri. Da wannan ma'auni zan auna huɗun da ke hannuna.

Lambobin da ake rubutawa a kan ƙarfen nan ba su da wuyar ganewa. A tsarin Amurka, lambobi biyun ƙarshe suna nuna yawan sinadarin kabon: 1055 yana da kusan kashi 0.55 cikin ɗari, 1095 kusan 0.95. Kabon in ya ƙaru, tauri ya ƙaru, kaifi ya daɗe, amma gautsi ma ya ƙaru. Silba kuwa sai an zuba masa kuromiyam aƙalla kashi 10.5 cikin ɗari, shi ke hana shi tsatsa.

Okapi ita ce ta aljihu. An fara ƙera ta a Solingen ta Jamus a 1902, aikin ya koma Afirka ta Kudu a 1988, kuma ƙarfenta 1055 ne. Ƙarfe ne mai sauƙin kai. Ba ya riƙe kaifi kamar manyansa, sai dai shafa kaɗan a dutse, ko ma a gindin kofin tangaran, ya ishe shi. Yanke igiya, feƙe tsinken tsire, yanka albasa, nan ne gidanta. A kula wajen saye, domin jabu sun yi yawa, kuma jabun ba su da wannan hali.

Opinel ta Faransa, mai naɗewa cikin ƙotar itace, wadda aka rubuta Carbone a jikinta, ƙarfenta XC90 ne, ɗan'uwan 1095 na kusa. Lamba 8 nake riƙewa, tsawon ruwanta santimita 8.5. A nan na fara ganin bambancin kabon da idona. Ruwanta siriri ne, kaifinta kuwa sai ka rantse askar wanzami ce. Wajen cire jijiya da farar fatar da ke manne da tsoka, ban riƙe wadda ta kai ta ba: tana shiga tsakanin jijiya da nama ta fito ba ta tafi da tsokar da za a sayar ba. Ba a yi ta don ƙashi ba, kuma ƙotar itace ba ta son a jiƙa ta a bokiti, domin itace yana kumbura, buɗewa ta yi wuya. Gajarta ma ta hana ta aikin kilishi, wanda ke son doguwar wuƙa da za ta shimfiɗa naman cinya a jan hannu guda.

Ta uku wuƙar magagari ce. Maƙera suna son tsohon magagari saboda kabon ɗinsa yakan kai kashi 1 cikin ɗari ko ya ɗan wuce. A cikin huɗun ita ta fi daɗewa da kaifi, ba gardama. Amma tawa ta taɓa haɗuwa da ƙashin haƙarƙari bakinta ya ɓalle, kuma kafin in cinye giɓin a dutse sai da ruwan wuƙar ya rage faɗi. Ƙarfe mai irin wannan tauri yana cin lokaci wajen wasawa, mai nama kuwa da safe ba shi da wannan lokacin. Akwai kuma magagaran zamani masu araha da samansu kawai aka taurara, cikinsu taushi. Wuƙar da aka ƙera da irinsu ba za ta taɓa yin kaifin kirki ba, ko wane maƙeri ya buga ta.

Wadda na fi so, wadda in an ce in zaɓi ɗaya ita zan ɗauka, ita ce barhon da aka ƙera mini da sifirin ɗin mota. Irin wannan sifirin, da ake samu wajen masu tsofaffin kayan mota a kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano, yawanci 5160 ne ko danginsa: kabon kusan kashi 0.6, da ɗan kuromiyam ƙasa da kashi 1. An yi shi ne don ya lanƙwasa ƙarƙashin lodi ya dawo daidai, kuma wannan halin yana bin sa har cikin wuƙa. Ina raba gaɓa da ita, ina sare guringuntsi, tana gogar ƙashi, bakinta bai taɓa ɓallewa ba. Kaifinta bai kai na Opinel laushi ba, bai kai na magagari daɗewa ba. To amma in ta fara jan nama maimakon yanka shi, ja kaɗan a dutse da ruwa ta dawo, mai saye bai ma gama ƙirga kuɗinsa ba. A ranar layya, da dabbobi ke jere ana jiranka, wannan ya fi mini komai.

Sai dai sifirin ba ya zama wuƙar kirki sai a hannun maƙerin da ya san wuta. Ana gasa ƙarfen a gawayin ƙirya har ya yi ja, ya wuce inda maganaɗisu ke daina kama shi, wajen digiri 770 a ma'aunin Celsius, ya ɗan haura 800, sannan a tsoma shi. Sifirin a cikin mai yake so a tsoma shi. In aka tsoma shi a ruwan sanyi yana iya tsagewa, wani lokaci tsagar da ido ba ya gani sai ranar da wuƙar ta karye a hannu. Bayan tsomawa dole a sake ɗumama shi a hankali, wajen digiri 200, har bakin ya yi launin busasshiyar ciyawa, don a rage gautsi. Maƙerin da ya tsallake wannan mataki ya ba ka gilashi, wanda ya bari har ya yi shuɗi kuma ya ba ka ƙarfe mai taushi. Wannan shuɗin ne yake sa raina ya ɓaci da masu wasa wuƙa da inji: suna danna bakin a dutse mai gudu ba ruwa, ya yi zafi ya canza launi, aikin maƙeri ya lalace cikin ɗan lokaci. Ba na ba su wuƙata, kuma ba na son ganin an ba su ta kowa.

Tsatsa duk huɗun suna yi, musamman a watan Agusta da iska ke cike da laima. Jini da gishiri da lemon tsami su ne abokan gabarsu. A wanke, a goge ta bushe sarai, a shafa man gyaɗa, kuma kada a kwana da ita a cikin kube na fata mai danshi. Baƙi-baƙin da ke hawa ruwan wuƙa bayan an daɗe ana yanka nama da albasa ba tsatsa ba ne, yana ma kare ƙarfen, a bar shi. Ja-jan nan ne ake gogewa da toka.

Wanda zai ba da aikin barho, ya duba sifirin ɗin da kansa kafin a sa shi a wuta, ya guji mai ramukan tsatsa masu zurfi ko alamar tsaga. In an gama, ya ja magagari a bakin wuƙar: in ya zame yana ƙara, ƙarfen ya taurara, in ya ci ya fitar da gari da sauƙi, a mayar wa maƙeri ya sake tsomawa.