Gargaɗi Ga Masu Neman Gida A Kaduna: Wa Ya Taɓa Ganin "Alhajin Abuja" Da Ke Taya Gidan?

Jama'a, duk mai shirin sayen gida ko fili a Kaduna ya buɗe kunnensa. Akwai wata dabara da ɓata-garin dillalai suka mayar sana'a, daga Malali da Unguwar Rimi har Rigachikun da Millennium City, kuma mutanen kirki na faɗawa cikinta domin a ido ciniki ne kamar kowane ciniki.

Ga yadda take tafiya. Dillali zai kai ka gidan, ya koma gefe yana karantar fuskarka. Ya ga ka ƙwanƙwasa bango, ka leƙa rijiya, ka ƙirga ɗakuna, ka kira uwargida a waya kana yi mata kwatance. Shi ke nan, ya san gidan ya kwanta maka a rai. A ce ka taya miliyan 30. Ba zai ce albarka ba, ba zai kuma ce an sallama ba, sai ya ce bari ya ji ta bakin mai gida. Bayan la'asar sai ga kira: "Ranka ya daɗe, ka yi haƙuri, wani Alhaji daga Abuja ya taya 33, gobe da safe zai turo kuɗi. Ni dai kai na fi so ka samu." Ka ƙara zuwa 34. Kwana biyu, Alhajin ya kai 35. Haka za a yi ta jan ka har ka wuce abin da ka tanada, alhali babu wani Alhaji, kai kaɗai ne a cinikin. Idan aka ga kana da taurin kai, sai a turo abokin sana'a da babbar riga da mota, ya iso daidai lokacin da kake cikin gidan, ya zagaya yana waya da ƙarfi yana cewa a tanadi kuɗi.

Wannan aiki yana da suna a fiƙihu, najashi, wato mutum ya taya kaya ba don yana so ba, sai don ya ingiza mai saye na gaskiya. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar cewa Manzon Allah (SAW) ya hana shi. Don haka dillalin da ke kiran wannan "iya kasuwa" ya san abin da yake ci.

Abin da ya fi ciwo shi ne ƙarin nan sau da yawa ba ya isa hannun mai gida. Shi an gaya masa kasuwa ta mutu, da ƙyar aka samu mai tayin 29, ya sallama. Kai ka biya 35. Ratar miliyan 6 ta tafi aljihun 'yan kayi-na-yi, waɗanda wani lokaci sukan kai mutum huɗu ko biyar a jere, ɗaya ne kawai a cikinsu ya taɓa ganin mai gidan. Bayan haka a zo a karɓi la'ada a wurinka, a karɓa a wurinsa. Wannan ne dalilin da ya sa irin waɗannan dillalai ba sa taɓa yarda ku haɗu: yau mai gida ya tafi Umara, gobe ba shi da lafiya, jibi "ba ya son a san shi ne ke sayarwa".

Maganin abin ba shi da wuya. Kada ka ƙara ko sisi a kan tayinka sai an zaunar da kai da mai gida ido da ido, ya faɗi farashinsa da bakinsa. Idan da gaske yana nesa, a yi kiran bidiyo, ka kuma gwada sunansa da katin shaidarsa da sunan da ke kan takardar gidan. Ka rubuta tayinka, ko da ta WhatsApp ne, da adadi da ranar da zai ƙare, ka tabbatar ya isa gare shi. La'ada kuma a yanke ta tun kafin a shiga ciniki: kashi nawa ne, wa zai biya, mutum nawa za su raba. Kashi 5 cikin 100 aka fi ji a cinikin gida, amma magana ce ta yarjejeniya, kuma rubutacciya ita ce ke hana rigima a ƙofar banki.

Mataki na biyu na wannan dabara shi ne ke kwashe kuɗin mutane gaba ɗaya. Da an ga hankalinka ya tashi, sai a ce: "Kawo kafin alƙalami yanzu mu rufe bakin Alhajin." Ka tura miliyan 2 ko 3 a asusun dillali, babu takarda, babu shaidu. Abin da ba ka sani ba, an karɓi irin wannan a hannun mutum uku a kan gida ɗaya. Wanda ya fara cika kuɗi shi ke ɗauka, sauran a yi ta yi musu gobe-jibi wata da watanni, idan ma wayar ba ta mutu ba. Kafin alƙalami asusun mai gida yake shiga, da sunan da ke kan takarda, tare da rubutacciyar yarjejeniya mai nuna cikakken farashi, ranar cika kuɗi, da abin da zai faru idan ɗaya ya fasa. Kuɗi a jakar Ghana-must-go kuwa a guje shi. Ban da rashin hujja, dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ta hana mutum biya ko karɓar tsabar kuɗi fiye da naira miliyan 5 ba ta hanyar banki ba.

Duk wannan gaggawa da ake ƙirƙira, manufarta a hana ka bincike. Tun 2015 hukumar KADGIS ce ke riƙe da bayanan filaye a jihar Kaduna. Ka karɓi kwafin takardar mallaka, ka ba lauyanka, wanda kai ka zaɓa ba wanda dillali ya kawo ba, ya nemi binciken fayil ɗin a can: sunan wa ke kai, an jinginar da gidan a banki ko a'a. Ka sa safiyo ya gwada iyakokin da ke ƙasa da zanen da ke takarda, domin akan nuna gida ɗaya da takardar wani. Ka tambayi izinin gini na KASUPDA, hukumar tsara birane ta jihar, musamman a sababbin unguwanni da wuraren da ke kusa da kogin Kaduna ko ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki; mutanen garin nan sun ga rusau da idonsu. Sannan dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta ce sauya mallakar irin wannan gida sai da amincewar gwamna, don haka takardar ciniki mai hatimin mai unguwa ba ita ce ƙarshen aiki ba, ko da yake zuwa wurin mai unguwa da maƙwabta kan tono abin da fayil ba ya nunawa.

Gidan gado ya fi kowanne buƙatar natsuwa. Ɗa ɗaya mai ƙarfin baki kan haɗa kai da dillali su sayar, mata da ƙananan yara ba su sani ba. A nemi takardar rabon gado ta kotu, ko dukkan magada su sa hannu a gaban shaidu.

Gaskiya ne, wani lokaci akwai masu so biyu na haƙiƙa, kuma mai gida na da damar zaɓar wanda ya fi muddin bai sallama wa kowa ba. Dillali mai amana zai kai masa kowane tayi yadda yake, ya sanar da masu tayin cewa akwai wani, ya ba su lokaci ɗaya. Amma da zarar an ce an sallama, magana ta ƙare. Hadisi ya hana mutum ya yi ciniki a kan cinikin ɗan'uwansa, kuma wannan ya shafe mu masu saye: wanda ya cusa wa dillali dubu 500 a ɓoye don a ture wanda aka riga aka sallama wa, shi ma da hannunsa a cikin ɓarnar.

Wanda aka riga aka karɓi kuɗinsa, kada ya goge komai a waya. Ya adana saƙonni, muryoyin da aka turo, shaidar tura kuɗi da lambar asusun, ya sanar da bankinsa nan take, sannan ya kai ƙorafi a rubuce ga 'yan sanda ko ofishin EFCC na Kaduna, domin karɓar kuɗi ta hanyar yaudara laifi ne a ƙarƙashin dokar zamba ta 2006. Idan aka kira shi zaman sulhu, ya je da lauya ko dattijo, kuma kada ya janye ƙara a kan alkawarin baki sai kuɗin sun shiga asusunsa.