Yaya, a nan kyankyaso ma da farashinsa

Assalamu alaikum Yaya, ya gida ya iyali, ya zafin Garwa. Ka gaida min Inna da kyau kace mata daddawa da kukar sun iso lafiya, Allah ya saka da alheri. Toh batun tambayar da ka min a WhatsApp ranar nan, wai wane irin aiki nake yi da kullum sai inyi dariya in kauce, yau dai zan fada maka, amma dan Allah kar ka karanta wa Inna tukunna, bari sai na dawo na mata bayani da bakina.

Ina aiki ne a wani katon shagon dabbobin gida a gefen garin Liyon na kasar Faransa, ni ke shara da jera kaya, kuma bangaren da patron, wato mai shagon, ya damka min shine na kadangaru. Eh kadangaru, ba kuskure nayi wajen rubutu ba. Akwai wani da suke kira pogona, asalinsa daga Ostiraliya, ya fi namu na bakin katanga kiba kuma yana da kaya kaya a makogwaro kamar gemu, shi ya fi kasuwa. Akwai tsaka mai dabbare dabbare yar asalin Pakistan da Afganistan, wlh ranar farko da naga yarinya yar shekara takwas ta dora ta a kafada tana shafa mata kai sai da tsigar jikina ta tashi, na tuna yadda Inna ke zubar da miya gaba daya in dai an ga tsaka ta gifta kusa da tukunya. Akwai hawainiya, akwai wata karamar mesa da asalinta namu ne na Afirka, wajen Ghana da Togo da Benin. Wasu ma sai kana da takardar izini daga hukuma kafin ka ajiye su. Mu a gida kadangaren bakin tulu ne, a nan kuwa shi ke da dakin gilashi da fitilarsa ta musamman da likitansa.

Su wadannan halittu yawancinsu abu mai rai suke so, sai sun ga yana motsi suke kai masa cafka. Shi ya sa duk sati ake sauke mana kwalaye cike da kananan robobi masu huji huji, kowace roba da guntun kwalin kwai a ciki, wata gyare, wata fara, wata tsutsar dusa, wata kyankyaso. An ware su daki daki bisa girma, kanana na jariran kadangaru, manya na manya, saboda in ka ba karami wanda ya fi karfin bakinsa zai iya shake shi. Robar fara daya a shagonmu wajen yuro 3 ce, kuma yuro daya ai sefa 655 ne da yan kai, kaga kusan sefa 2000 kenan, in ka kirga farar ciki da kyar ta wuce goma. Yaya ka tuna soyayyar farar da muke saye da yamma a Yelwa da yaji da dan lemun tsami, sefa 2000 ai sai mu ci mu raba wa yaran makwabta. Ranar da na fara buga farashin nan a jikin roba sai da na tsaya na sake tambayar abokin aikina ko sifiri ya karu.

Da naga masu saye suna ta korafi, ga tsada ga shi wani lokaci rabin gyaren sun mutu kafin a isa gida, kuma naji cewa wadanda suka dade a harkar da kansu suke kiwon kwarinsu a gida, sai nace ni da na taso ina kama gyare da hannu me zai gagare ni. Na sayi babbar roba mai murfi, na huda na sa raga, na jera kwalayen kwai a tsaye, na sa dan kwano da kasa mai danshi inda matan za su yi kwai. Ruwa kuwa ba a sa musu a kwano don nutsewa suke, sai dai karas ko dankali ko wani ruwa mai kauri kamar kamu da ake sayarwa. In akwai dumi wajen digiri 30 kwan na kyankyashewa cikin sati biyu ko kasa da haka, yan mitsi mitsi kamar kiyashi, cikin wata biyu sun zama manya.

Abin da ba wanda ya fada min shine wari da kuka. Mu uku ne a dakin haya, ni da wani dan Njamena da wani dan Senegal, kuma wata rana na fita sallar asuba ban danne murfin da kyau ba. Na dawo na tarar dan Njamenan nan a tsaye kan kujera da tsintsiya yana ta masifa da Larabcinsu, gyare ko ina, cikin takalmi, cikin jakar shinkafa. Mun kama na kamawa, amma guda daya namiji ya shige bayan firigo inda akwai dumi, kuma ka san namijin ne mai kuka, sati uku cur yana mana waka duk dare. Ni kam har dadi nake ji don sai in rufe ido in ga kamar ina kwance a tsakar gida da damina, amma tsohuwar da ke kasan mu ta hau bene sau biyu tana buga kofa, karo na biyu da takarda a hannu tace zata kai wa mai gidan. Dole na kwashe sauran na kai shago kyauta.

Daga nan na koma kyankyaso, kar ka yi dariya. Ba irin namu na masai bane mai gudu da tashi, wannan sunansa dubiya, daga Kudancin Amurka aka samo shi, baya iya hawa roba mai santsi, baya kuka, warinsa kadan ne. Macen bata zubar da kwai a waje, a cikinta yake kyankyashewa sai kawai ka ga ta zubo yara ashirin ko talatin farare kal, daga baya su yi duhu. Sai dai yana da nawa, sai ya yi wata hudu zuwa shida kafin ya balaga, don haka watannin farko ba ka taba ko daya, kana dai ciyarwa kana jira. Yanzu robobi biyu gare ni a karkashin gado, ina da mutum biyar da ke saye a hannuna, kudin katin waya da na bas dai suna fita. Abokan dakina sun hakura tunda ba su gani ba su ji, sharadi daya suka sa min, kada in bude robar lokacin cin abinci.

Abin da ya fi ci min kudi ba abincinsu bane, dumi ne. Kwarin nan in sanyi ya kama su basa haihuwa, ga hunturun nan kasar, sai na sayi wata yar tabarmar wuta da ake shimfidawa a karkashin roba, dare da rana tana kunne, karshen wata takardar wuta ta zo ta tsaya maka a wuya. Sai in tuna Maris da Afrilu a Garwa, zafi ya haura 40 muna neman inda za mu sa kanmu, mutane na kwana a waje, ashe abin da muke kuka da shi wasu da kudi suke sayensa. Kadangaren ma fitilar da ake kunna masa ai rana ce ake kwaikwaya, in babu ita kasusuwansa laushi suke yi, kuma kafin a ba shi kwaro sai an barbade shi da farin garin kalsiyam kamar ana barbada kuli a tsire. Namu na katanga kuwa ya fito ya sha hantsi ya yi ta gyada kai, ba wanda ya kashe masa ko dala.

Na san abin da ke ranka, irin lissafin da ka saba, wai a cika buhu da fara daga gida a turo min mu raba riba. Ka cire wannan. Na farko da rai suke so, na biyu ba za a bari ta wuce filin jirgi ba, na uku kuma ko ta wuce ba mai saye, tsoron maganin feshi suke, kuma suna da gaskiya in ka duba yadda ake feshin gonakin auduga a wajenmu. Abin da suke biya wa kudi shine sun san me kwaron ya ci tun daga kwai. Hatta mutane ma tun 2021 Tarayyar Turai ta amince a sayar musu da fara da tsutsar dusa su ci, na taba sayen dan kulli don marmari, busasshiya ce salam ba yaji ba mai, kudinta kuwa ba a magana.

Inda nake ganin abin zai maka amfani shine kajinka, tunda kullum kukanka tsadar abincinsu. Ka tuna yadda Kaka ke cusa busasshen kashin shanu da karan dawa a tsohuwar tukunya ya yayyafa ruwa ya kife a bakin suri, da safe ya kwaso gara ya zuba wa yan tsaki da yan zabi? Ai kiwon kwarin kenan, mu ne dai bamu dauke shi sana'a ba. Tsutsar dusa bana ba ka shawara don bata son zafi mai yawa, amma akwai wani bakin kuda dogo mai kama da zanzaro da suke kira kudan soja, baya cizo baya damun abinci, tsutsarsa na cin ragowar tuwo da bawon mangwaro da dusa mai danshi, cikin sati biyu zuwa uku ta yi bul bul, kaji kuwa kamar su yi fada a kanta. Ka samu tsohon bokiti ka huda gindinsa, ka ajiye a inuwa bayan akurki nesa da dakin Inna, ka rufe amma ka bar kafar da kudan zai shiga, kuma ka dora shi kan wani abu saboda cinnaka.

In ka gwada ka dauko min hoto. Sannan in dan unguwarmu mai zuwa bayan sallah bai riga ya cika jakarsa ba, a sa min yajin nan na Inna mai citta, gwangwani daya ya isa.