Noma ko bom: daga ina za a fara ƙirga zamanin ɗan Adam?

Malam, ka tambaya cewa tunda masana ƙasa da duwatsu na maganar zamanin da ɗan Adam ya rinjayi duniya, wanda suke kira Anturofosin, daga yaushe ake ƙirga shi. Amsoshin suna da yawa, amma biyu ne suka fi jan daga.

Ta farko noma. A 2003 William Ruddiman, wani masani ɗan Amurka, ya ce tun kimanin shekaru 8,000 da suka wuce saran daji ya fara ƙara iskar kabon a sama, sannan wajen shekaru 5,000 noman shinkafa cikin ruwa a Asiya ya ƙaro iskar metan, dukansu iskoki ne masu ɗumama duniya. Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu mutanen Kebbi. Duk wanda ya shiga fadamar Argungu da damina ya taka laka, ya ga kumfa na ɓulɓulowa a ƙafarsa, to akwai metan a ciki. Inda gizo ke saƙa shi ne ba rana ɗaya duniya ta fara noma ba. Gabas ta Tsakiya ta riga wasu wurare da dubban shekaru. Wace shekara za ka ɗora wa yatsa?

Ta biyu tsakiyar ƙarni na 20. Gwaje-gwajen bom ɗin nukiliya sun watsa ƙurar fulutoniyam, wani sinadarin da ake haɗa bom ɗin da shi, ta sauka ko'ina kusan lokaci guda, a teku, a ƙanƙara, a gindin tafki. Mu ma abin ya zo kusa da gida: Faransa ta tayar da nata a Reggane cikin Saharar Aljeriya a Fabrairun 1960, har Najeriya ta yanke hulɗa da ita a 1961. Kwamitin masanan da aka kafa a 2009 don nazarin batun Anturofosin ya zaɓi Tafkin Crawford na Kanada a 2023, domin lakarsa tana kwanciya layi-layi duk shekara, ana iya ƙirga ta, suka tsayar da 1952, shekarar da ƙurar fulutoniyam ta ƙaru sosai a layukan lakar.

Shi kuwa Paul Crutzen, masanin da ya yayata sunan Anturofosin a 2000, injin tururin James Watt na 1784 ya fi so.

Ni dai na karkata ga 1952. Abin kamar iyakar gona ne, sai da alamar da kowa zai gani ya yarda, kuma noma ba shi da ita. Amma a sani, 1952 ranar alama ce kawai, hannun ɗan Adam ya daɗe da taɓa ƙasa kafin nan. Wannan na cikin dalilan da suka sa a Maris 2024 kwamitin da ke sama da wancan kwamitin masanan ya yi watsi da shawarar, ƙuri'a 12 da 4. A hukumance har yau muna cikin zamanin da ake kira Holosin, wanda ya fara shekaru 11,700 da suka wuce. Wasu masanan ma sun fi son a ɗauki Anturofosin a matsayin lamari mai gudana, ba tare da an yanka masa ranar farawa ba.