Wane wasan fataucin sararin samaniya ya kamata ka saya?

Idan kana son wasan da za ka loda kaya a kumbo daga wannan duniya ka kai wata ka sayar, ko kuma kana shirin ƙirƙirar naka ɗan wasan kana neman inda za ka koyi yadda ake tsara kasuwa, tambaya ɗaya ce za ta raba maka gardama kafin ka cire kuɗi: bayan ka sauke kayanka ka sayar, me ke faruwa da farashi?

A tsohon wasan Elite na shekarar 1984, wanda David Braben da Ian Bell suka rubuta wa kwamfutar BBC Micro, tsarin mai sauƙi ne. Za ka fara da kuɗi 100 a tashar Lave, abinci yana da araha a duniyoyin noma, injuna da kwamfutoci kuma suna da araha a duniyoyin masana'antu. Da zarar ka gano hanya mai riba, sai ka yi ta kai-komo a kanta har ka gaji. Wannan ita ce matsalar da duk wasannin da suka biyo baya suke ƙoƙarin magancewa, kowanne da dabararsa.

Ga mai ƙaramin jari, Endless Sky zan fara nuna masa. Kyauta ne, Michael Zahniser ya fitar da shi a 2015, kuma ba ya buƙatar babbar kwamfuta. Kana farawa da bashin banki a wuyanka, don haka tun ranar farko kana lissafin riba da kuɗin da za a cire maka kullum. In ka zuba kaya da yawa a tasha ɗaya farashin yana sauka, sannan ya farfaɗo a hankali. Abin da ya fi burge ni shi ne bayanan kayayyaki da farashinsu suna cikin fayiloli na rubutu zalla, kana iya buɗewa ka canza lamba ka ga yadda kasuwa za ta juya. Mai son koyon ƙira ba zai samu makaranta irin wannan kyauta ba.

Starsector na Fractal Softworks shi ne wanda na fi so, kuma a shafin masu shi ake sayensa. Sun ɗora harajin kashi 30 cikin ɗari a kan ciniki a kasuwar fili, da gangan, don kada saye da sayarwa na yau da kullum ya yi riba. Riba tana wurin da aka samu ƙaranci: 'yan fashi sun tare ayarin kaya, wata duniya ta rasa mai ko abinci, farashi ya tashi, kai kuma ka riga kowa isa. In ba haka ba sai ka bi ta kasuwar bayan fage, ba haraji, amma 'yan sintiri za su fara zarginka, su tsayar da kai su binciki kayanka. Ka ga nan ɗan kasuwa dole ya riƙa bin labarai, ba haddace hanya kawai ba. Mutum ɗaya ko biyu masu ƙirƙirar wasa za su iya kwaikwayon wannan tsari ba tare da sun karya kansu ba.

X4: Foundations na kamfanin Egosoft na Jamus, wanda ya fito a 2018, ya ɗauki hanya mai nauyi. Kumbo-kumbo na haƙo ma'adinai da gaske, masana'antu su sarrafa, wasu su yi dako zuwa inda ake ƙera jirage. In sassan jikin jirgi suka yanke, aikin ƙira ya tsaya cak, kuma ƙungiyar da ta dogara da wurin ta fara shan kashi a yaƙi. Farashi yana bin yawan kayan da ke rumbun tasha. Abu ne mai ban sha'awa ƙwarai, sai dai yana cin kwamfuta kuma koyonsa na ɗaukar lokaci. Kada ka saya in na'urarka mai rauni ce.

EVE Online kuwa, wanda kamfanin CCP na birnin Reykjavik a ƙasar Iceland ya ƙirƙira, tun 2003 'yan wasa ne da kansu ke sa farashi, musamman a babbar kasuwar Jita, har kamfanin ya ɗauki masanin tattalin arziki aiki a 2007. Ana iya shiga kyauta, amma sai da intanet, kuma tsarinsa na aiki ne saboda dubban mutanen da ke ciniki a lokaci guda, abin da ƙaramin wasa ba shi da shi.

Sauke Endless Sky tukuna. In ka ji fataucin ya shiga ranka, kuɗinka na farko ya tafi ga Starsector.